INUWAR YERWA: YADDA RESHE GUDA KE CETON ITACE DAGA ƁACEWA

Duk matafiyin da ya bar Kano da asuba cikin watan Afrilu ya nufi gabas, ya ratsa Wudil da Azare da Potiskum da Damaturu, ba sai an gaya masa ƙasa tana sauya kama ba, idonsa ne zai ba shi labari. Tafiya ce ta kusan kilomita 600, kuma gwargwadon yadda mota ke cin hanya, gwargwadon yadda manyan itatuwa ke yin nisa da juna. Sai ƙaya, da sabara, da ɗaiɗaikun kukoki tsaye ba ganye, da kututturan da gatari ya bari. Kafin a wuce Benisheikh rana ta take tsaka, iskar da ke shigowa ta tagar mota kamar daga bakin maƙera take fitowa, domin a wannan wata zafin wannan yanki yakan haura awo 40 a ma'aunin zafi.

To, cikin wannan hali ne matafiyi zai shiga Maiduguri, nan take ya ji kamar an ɗora masa laima. Tituna ne masu faɗi, dama da hagu itatuwa sun yi sahu, a wasu wuraren rassansu har sun gamu a sama sun rufe hanya. Baƙon da bai taɓa zuwa ba yakan yi mamaki, yadda garin da ke bakin hamada, wanda ruwan da yake samu a shekara bai cika wuce milimita 600 ba, ya fi garuruwa da yawa na kudu da shi inuwa. Amma idan ya natsu ya ɗaga kai ya dubi ganyen, zai lura da wani abu: kusan duk itacen da ya gani iri ɗaya ne, watau dalbejiya, wadda wasu ke kira dogon yaro, mutanen Nijar kuwa su ce bedi.

BAƘUWAR DA TA ZAMA 'YAR GARI

Shi kansa garin ba tsoho ba ne idan aka gwada shi da shekarun daular Barno. A 1907 ne Turawan mulki suka kafa sansaninsu kusa da wani ƙauye mai suna Maiduguri a gefen kogin Ngadda, Shehu Abubakar Garbai kuma ya dawo da fadarsa nan kusa, aka kira sabon mazaunin Yerwa. Sannu a hankali garuruwan biyu suka haɗe, shi ya sa har yau ake kiran birnin da sunaye biyu. Jirgin ƙasa ya iso a 1964, garin ya zama hedkwatar Jihar Arewa Maso Gabas a 1967, sa'an nan hedkwatar Jihar Barno a 1976.

Ita kuwa dalbejiya asalinta ƙasar Indiya ce da maƙwabtanta. Turawa suka kai ta ƙasar Gana tun ana kiranta Gwalkwas, daga can aka kawo ta Nijeriya a 1928, kuma a lardin Barno ta fara kama ƙasa sosai. Ma'aikatan gandun daji na En'e suka rene ta, suka jera ta a tituna da kasuwanni da makarantu. Ta karɓi ƙasar kamar don ita aka halicce ta: ba ta tsoron rairayi, tana jure fari, tana girma da sauri, ba ta kuma tsirara da bazara, lokacin da ɗan Adam ya fi bukatar inuwa. Tsuntsaye da jemagu suka ɗauki nauyin yaɗa 'ya'yanta kyauta.

Wanda ya zaga garin zai ga rabin rayuwar Yerwa a gindin dalbejiya ake yinta. A Dandal, babbar hanyar da ta miƙe zuwa ƙofar fadar Shehu, da kewayen Kasuwar Litinin, da unguwannin Hausari da Shehuri da Gwange, a ƙarƙashinta mai shayi ke kafa teburinsa, mai ɗinkin hula ke zare allurarsa, almajirai ke wanke allunansu, dattawa ke shimfiɗa tabarma bayan azahar. Ana dafa ganyenta don zazzaɓi, ana asuwaki da tsinkenta, ana zuba busasshen ganyen cikin hatsi don korar ƙwari. Ko shakka babu, waɗanda suka dasa ta sun yi wa birnin alherin da ba zai biyu ba.

HATSARIN DOGARA GA ITACE GUDA

Sai dai kuma, garin da ya rataya inuwarsa duka a wuyan itace guda, ya yi kama da manomin da ya zuba hatsinsa duka a rumbu ɗaya. An taɓa ganin alamar haka. Cikin shekarun 1980 wani ɗan ƙwaro mai manne wa ganye yana tsotse ruwansa ya bayyana a ƙasashen Tabkin Cadi, ya yi wa dalbejiya ɓarna mai yawa. Ba a gama da wannan ba, a 1990 aka ba da rahoton wata cuta a Jamhuriyar Nijar, wadda aka gani har a arewacin Nijeriya: ganye ya yi rawaya ya zube, sai ɗan tukku ya rage a ƙarshen dogon reshe, har masana suka kwatanta shi da wuyan raƙumin dawa. Masu bincike sun fi danganta abin ga wahalar fari da taurin ƙasa, amma sun kuma yi nuni da cewa dalbejiyar Afirka ta Yamma daga 'yan iyaye kaɗan ta fito, don haka abin da ya kayar da ɗaya yana iya kayar da dubu. Allah ya taƙaita, annobar ta lafa, amma gargaɗin yana nan.

Tambayar da ta dace a yi ita ce, ina itatuwan ƙasar na asali? Barno ba ta rasa su ba. Kukawa, birnin da Shehu Muhammadu al-Amin al-Kanemi ya kafa a 1814, daga kuka ta samo sunanta. Ƙasar dakwara ce, wadda ƙaronta ya daɗe yana cikin kayan da Barno ke sayarwa ƙasashen waje. Ƙasar aduwa ce da kurna da magarya da tsamiya, da gawo mai zubar da ganye da damina ya yi wa gero taki, ya kuma yi kore da rani ya ciyar da dabbobi. Can kudu, wajen duwatsun Biu da Gwoza inda ruwa ya fi yawa, akwai hano da marke da kirya da maɗaci. Kowane ɗaya da aikinsa: wani abinci, wani magani, wani turmi da taɓarya, wani allon karatu. Dalbejiya, duk da alherinta, ba ta ba da miyar kuka, ba ta ba da tsamiyar kunu, dabbobi kuma ba sa ɗokin ganyenta saboda ɗaci.

ABIN DA YA CINYE DAJI

Masifu ne suka yi ta bin juna. Farin 1972 zuwa 1973, da na 1983 zuwa 1984, sun kashe itatuwa ba iyaka a ƙasashen Sahel. Tabkin Cadi, wanda faɗinsa ya kai kimanin murabba'in kilomita 25,000 a farkon shekarun 1960, ya tsuke har ya gaza kashi ɗaya cikin goma na haka cikin shekarun 1980. Sa'an nan rikicin da ya ɓarke a 2009 ya kori dubban ɗaruruwan mutane daga ƙauyukansu, suka kwararo Maiduguri, kowane gida kuwa sai ya ɗora tukunya. Ga mutumin da ya rasa gona da garke, saran itace da ƙona gawayi su ne sana'ar da ba ta bukatar jari, ko da yake mutane da yawa sun rasa rayukansu a daji wajen wannan nema. A Janairun 2021 aka fasa turakun wutar lantarki da ke kawo wuta daga Damaturu, birnin ya daɗe cikin duhu, bukatar gawayi ta ƙara hauhawa. Mai ƙona gawayi kuwa ba ya son itace mai taushi, ya fi neman kirya da marke, masu nauyi da daɗewar garwashi, su ne kuwa masu jinkirin girma.

Haka nan maɗobiya, wadda ta fi yawa a jihohin da ke kudu da Barno irin su Taraba da Adamawa, ta gamu da masu fataucin katako zuwa ƙasar Sin, aka yi mata saran kawo-wuƙa cikin 'yan shekaru kaɗan. Abin ya kai har yarjejeniyar duniya mai kula da cinikin dabbobi da tsirran da ake tsoron ƙarewarsu, wadda ake kira CITES, ta sa ta cikin jerinta daga 2017, a 2018 kuma aka dakatar da fitar da ita daga Nijeriya. Hano shi kuma masu magani ne ke saɓule masa ɓawo, idan aka zagaye gindin duka kuwa, itacen ya mutu a tsaye.

Sai ga ruwa ya zo da nasa. Daren 9 ga Satumba 2024, wayewar garin 10 ga wata, madatsar Alau da ke kimanin kilomita 20 daga birnin ta ɓalle, shekara 30 cif bayan irin wannan ambaliya ta 1994. Ruwa ya shiga fadar Shehu da Kasuwar Litinin da asibitin koyarwa na jami'a, ya raba ɗimbin jama'a da gidajensu. A gandun Sanda Kyarimi, wurin shaƙatawa da ajiye namun daji da ke tsakiyar gari, wanda aka sa wa sunan Shehun da ya yi mulki daga 1937 zuwa 1967, hukumomin wurin sun ce fiye da kashi 80 cikin 100 na dabbobin sun halaka. Wanda ya ga wannan ya san cewa abin da aka tara wuri guda, dare ɗaya ya isa ya tafi da shi.

DA TSOHUWAR ZUMA AKE MAGANI

A nan ne wata tsohuwar dabara ta manoman ƙasar Hausa da Barno ta cancanci a tuna da ita, watau dashen reshe. Tun kafin a san ledar reno, kakanni sun san akwai itatuwan da ba a jiran irinsu. Idan mutum yana son inuwa a ƙofar gidansa, sai ya je gindin wata ceɗiya ko wani durumi da ya yaba da shi, ya saro reshe miƙaƙƙe mai kaurin damtse, wanda ya kai tsayin mutum ko ya fi, ya sassabe ganyen, ya haƙa rami mai zurfin kamu guda, ya kafa shi gab da faɗuwar damina, ya danne ƙasar da kyau don kada ya yi motsi. Sai ya kewaye shi da ƙaya saboda awaki, ya riƙa duba gindin saboda gara. Kafin kaka sandar nan ta yi saiwa ta yi toho, cikin 'yan shekaru kuwa ta zama wurin zaman unguwa. Yawancin manyan durumai da ceɗiyoyin da ake gani a ƙofar fadar dagatai da bakin kasuwannin ƙauye, da sanda guda suka fara.

Haka ake yi da dashi, wanda sunansa ma ya yi kama da aikin. Ana saran rassansa a ƙarshen rani tun bai farka ya yi ganye ba, a jingine su a inuwa 'yan kwanaki har bakin saran ya bushe don kada ya ruɓe, sa'an nan a jera su a gefen gona ko garka. Da ruwa ya sauka sai su kama, su zama shinge mai rai wanda ba a sake shi kowace shekara kamar na kara. Hano ma haka yake kamawa, da zogale, da bini-da-zugu.

Hikimar abin ita ce, reshe yana ɗauke da guzurinsa a jikinsa, abinci da ruwan da uwar ta tara, da su yake rayuwa har ya fitar da saiwa. Ya riga ya fi ƙarfin bakin akuya tun ranar da aka kafa shi, alhali ɗan tsiron da ya fito daga iri yakan shekara biyu ko uku yana cikin hatsari. Bugu da ƙari, itacen da ya fito daga reshe ba ɗan uwar ba ne kawai, ita ce kanta aka sake tsayarwa a wani wuri, da zaƙin 'ya'yanta da faɗin inuwarta da duk halinta. Saboda haka ne masana tsirrai na duniya suka riƙi wannan dabara a matsayin makami na ƙarshe idan wani iri ya kusa ƙarewa.

ITATUWA BIYU, ƘARSHE BIYU

Labarin wasu itatuwa biyu ya isa misali. Na farko a maƙwabta yake. A hamadar Tenere ta Jamhuriyar Nijar, kan hanyar ayarin gishiri tsakanin Agadas da Bilma, an yi wani itacen ƙaya guda ɗaya tal, wanda babu wani itace kusa da shi sai an yi tafiya mai nisan gaske. Madugai sun girmama shi, ba a karya reshensa don hura wuta, har taswirori suka riƙa nuna shi kamar gari. A 1973 wata babbar mota ta banke shi ya faɗi. Aka kwashi gangar jikinsa aka kai gidan tarihi na Yamai, aka kafa itacen ƙarfe a gurbinsa. Bai bar magaji a wurin ba.

Na biyu yana can tsibirin Rodirigis na ƙasar Morishiyos, cikin tekun Indiya. Akwai wani ɗan itace dangin kofi mai farin fure, wanda mutanen wurin ke kira kafe maron, aka daɗe ana zaton ya ƙare a duniya. Wajen 1980 wani malamin makaranta ya nuna wa ɗalibansa zanensa, sai wani yaro ya kawo reshe daga wani itace guda da ya gani a bakin hanya. Da labari ya bazu, jama'a suka yi ta yankar sassansa don magani, har sai da aka kewaye shi da waya. A 1986 aka yanki 'yan rassa aka ɗauke su a jirgin sama zuwa lambun binciken tsirrai na Kew da ke Landan, inda aka samu ya yi saiwa. Daga nan aka yi ta yanka ana dasawa har suka yi yawa. Sun yi ta fure ba 'ya'ya shekara da shekaru, sai a 2003 ma'aikatan lambun suka samo hanyar da ya ba da iri, daga bisani aka mayar da zuriyarsa tsibirin. Bambancin itacen Tenere da wannan shi ne, ɗaya an tuna da shi bayan ya faɗi, ɗayan an tuna da shi yana tsaye.

MURUCIN BISA

Akwai wani dangin furanni da ya fi kowane shahara wajen irin wannan aikin ceto, wanda Turawa ke kira okid. Nau'insu ya kai kimanin 28,000 a duniya, kuma dukansu suna ƙarƙashin kariyar yarjejeniyar CITES, saboda yadda masu sha'awa ke farautarsu. Wahalarsu ita ce irinsu, wanda ya yi laushi kamar ƙura, ba shi da guzurin abinci ko kaɗan, ba ya kuma tsirowa a daji sai ya gamu da wata irin funfuna da za ta ciyar da shi. Don haka masu reno sukan raba gindin, ko su yanki kara mai gaɓa, ko su cire 'ya'yan da ke tohowa a jikin uwa, ko kuma su shuka irin cikin kwalba a ɗakin bincike. Banila, mai ƙanshin nan da ake sa wa alawa da kek, ita ma okid ce mai yaɗo, kuma gonakinta na Madagaska da yankan kara ake dasa su.

Mai karatu zai iya zaton wannan zance na ƙasashen nesa ne, alhali kuwa Bahaushe ya san ɗaya daga cikinsu har ya raɗa masa suna: murucin bisa, wasu kuma su ce manta uwa, domin a da akan ba yaro shi lokacin yaye. Furensa rawaya ne mai ɗigo-ɗigo kamar fatar damisa. Ba ya son busasshiyar ƙasa irin ta Yerwa, ya fi yawa a wuraren da suka fi laima can kudu, inda yake zama a kan manyan itatuwa. Ba kamar kauci ba ne mai shan jinin itacen da ya hau, shi wurin zama kawai yake nema. Yana cikin tsirran da masana suka ce suna raguwa, saboda masu magani da masu ado suna ɗebe shi, ana kuma sare itatuwan da yake hawa. Darasinsa a fili yake: ana iya raba gindinsa a yawaita shi cikin lambu, amma idan babu babban itace a daji, ba shi da gidan komawa. Wanda ya sare itace guda, ba rai guda ya kashe ba.

AKWATIN DA BA YA BUKATAR LANTARKI

Ba kowane itace ne ke da sauƙin kai irin na ceɗiya ba. Idan aka sari reshen tsohon maɗaci aka kafa, bushewa zai yi. Amma binciken da aka yi a Burkina Faso ya nuna cewa ɗanyen tsinken da aka yanka daga ƙaramin maɗaci yana yin saiwa sosai, kuma sananne ne ga masu wannan ilmi cewa tohon da ke fitowa daga kututture ya fi reshen sama saurin kamawa, domin yana da ƙuruciya a jikinsa. Ashe kututturen da mai gatari ya bari bai zama gawa ba tukuna.

Irin waɗannan tsinkaye masu ganye suna bukatar laima, abin da iskar Barno ba ta da shi. Maganin wannan shi ne wani akwati mai sauƙi da wani masani ɗan Ingila, Roger Leakey, da abokan aikinsa suka bayyana a 1990 domin ƙasashe masu zafi. Ana haɗa shi da katako, a lulluɓe shi da farar leda ta yadda ruwa ba zai zurare ba. A ƙasa a zuba duwatsu, sai tsakuwa, sai yashi ko garin katako a sama. A zuba ruwa ya tsaya cikin tsakuwar ba tare da ya taso saman yashin ba. A yanko tsinke mai gaɓa ɗaya ko biyu da sassafe, a rage ganyensa da almakashi don kada ya yi asarar ruwa, a soka shi cikin yashin, a rufe murfin, a ajiye akwatin a inuwa. Cikin 'yan makonni saiwa takan fito, sai a mayar da shi leda, a saba masa da iska sannu-sannu kafin a kai shi gona. Ba ya cin wuta, ba ya bukatar famfo, kafinta na unguwa zai iya haɗa shi. Inuwar da yake bukata kuwa, ga dalbejiya nan ta tanadar: baƙuwa ta yi renon 'yan gida.

Inda yanka ya ƙi, akwai aure, irin wanda masu lambu suka saba yi wa mangwaro. A ƙasar Mali masu bincike sun aura wa ƙananan kukoki rassan manya masu daɗin 'ya'ya, suka haihu cikin 'yan shekaru maimakon jiran shekara goma ko ashirin. An kuma aura wa magarya irin ta Indiya mai manyan 'ya'ya, ana sayar da ita a kasuwannin Sahel. Gawo da dakwara su kuwa iri ya fi karɓarsu, muddin aka jiƙa shi ko aka ɗan kankare ɓawonsa mai tauri kafin shuka.

KADA A MAIMAITA KUSKURE

Wajibi ne a faɗi iyakar wannan dabara. Tun da yake itacen reshe uwarsa ce aka maimaita, wanda ya yanki rassa dubu daga itace guda bai samu itatuwa dubu ba, itace ɗaya ya samu a wuri dubu, kuma cutar da ta san hanyar ɗaya ta san hanyar sauran. Wannan shi ne ainihin raunin da aka ji wa dalbejiya tsoro. Saboda haka ƙa'idar masu wannan aiki ita ce a ɗebo daga iyaye masu yawa, daga wurare dabam-dabam, a rubuta inda kowanne ya fito, a kuma rarraba su a gonaki da makarantu da garuruwa, kada a tara su a lambu guda da ambaliya ko gobara za ta share. Kada kuma a yi wa uwar yankan ƙauna har a kashe ta. Daga ƙarshe dai so ake su girma su yi fure su ba da iri, domin ta hanyar iri ne zuriya ke samun bambancin da ke kare ta.

Har ila yau, mafi arhar dashe shi ne wanda ba a dasa ba. A jihar Maraɗi, tun daga 1983, manoma suka koma ga barin tohon kututture a gonakinsu, suna zaɓen biyu ko uku masu ƙarfi suna sassabe sauran, maimakon ƙone su lokacin sharar gona. An ƙiyasta cewa ta wannan hanya itatuwa kimanin miliyan 200 suka dawo a fili mai faɗin hekta miliyan 5 a kudancin Nijar. Ƙasar Maraɗi ba ta fi ta Barno ruwa ba.

Maiduguri ba ta rasa masu ilmin wannan aiki ba. Ga Jami'ar Maiduguri da Cibiyar Binciken Tabkin Cadi, waɗanda aka kafa a 1975, ga Kwalejin Aikin Gona ta Mohamet Lawan, ga kuma shirin Babbar Ganuwar Itatuwa da Tarayyar Afirka ta amince da shi a 2007, wanda Barno ke cikin jihohi 11 na Nijeriya da ya shafa. Amma akwai wani ilmin da ba ya cikin littattafansu, yana cikin kawunan dattawan da rikici ya koro daga ƙauyuka, waɗanda suka san inda tsohuwar tsamiya mai zaƙi take, da watan da ake saran dashi, da fadamar da maɗaci ya rage. Yaran da aka haifa a sansanonin gudun hijira sun tashi ba su san waɗannan itatuwa ba sai a baki. Idan dattawan nan suka shuɗe ba a tambaye su ba, an yi asarar taswirar da babu mai sake zana ta. Yanzu kuwa da ake mayar da jama'a garuruwansu, babu guzurin da ya fi dacewa a haɗa musu da shi kamar 'yan sandunan ceɗiya da durumi, da 'yan ledojin kuka da gawo.

Da la'asar sakaliya, idan zafi ya karye, Dandal takan cika da masu kekuna da 'yan makaranta da masu tallar ƙosai, kowa yana tafe cikin inuwar da bai san wanda ya dasa ba. Mutanen da suka yi ta jigilar ruwa suna shayar da waɗannan itatuwa shekaru kusan ɗari da suka wuce, yawancinsu ba su zauna ƙarƙashinsu sun huta ba, kuma babu allon da ke ɗauke da sunayensu. Bashin da suka bar wa mutanen Yerwa ba a biyansa da kuɗi, sai da rami mai zurfin kamu guda, da sanda ɗanya, da ƙayar da za ta tsare ta daga awaki har damina ta sauka. Allah ya ba Barno zaman lafiya mai ɗorewa, ya kuma sa jikokin da ke tafe su san ɗanɗanon aduwa da inuwar durumi da idonsu, ba a bakin masu ba da labari ba.